Dokokin da Ba a Rubuta Ba: Yadda Jami'a Za Ta Riƙe Ɗalibi Mai Otizim

Malami ya gama lacca, yana tattara takardunsa sai ya ce: "Ku rubuto ɗan taƙaitaccen bayani kan abin da muka yi yau, ku kawo zuwa ƙarshen mako." 'Yan aji suka watse. Ɗaya ya rage a kujerarsa da tambayoyi huɗu. Taƙaitaccen nan shafi nawa ne, ɗaya ko biyar? "Abin da muka yi yau" ya haɗa da misalin da malam ya ratsa da shi a tsakiya, ko darasin kaɗai? Ƙarshen mako wace rana ce, ƙarfe nawa? A kai ofis ko a tura ta imel? Sauran ma ba su san amsa ba, amma sun iya cike giɓi da ƙiyasi, da leƙen abin da na kusa yake yi, da tambayar juna a bakin ƙofa. Shi kuwa yana iya kwana uku yana juya tambayoyin nan bai rubuta ko layi ɗaya ba, alhali babu wanda ya fi shi fahimtar darasin. Ranar karɓar aiki a sa masa sifiri, a ce ba ya mayar da hankali.

Mafi yawan abin da ke kayar da ɗalibai masu otizim a jami'a yana cikin wannan misali. Karatun kansa bai cika gagarar su ba, ai da ƙwazonsu suka samu gurbi. Abin da ke kewaye da karatun shi ne matsalar: umarnin da aka faɗi rabinsa aka bar rabi, ɗakin da aka canza babu sanarwa, hayaniya da haske, aikin rukuni, da tarin dokokin zaman jami'a waɗanda kowa ke bi amma babu inda aka rubuta su. Tallafin da ya tsaya kan ƙarin mintoci a ɗakin jarrabawa ya bar kusan duka wannan a inda yake.

Kafofin yaɗa labarai sun fi kiran lalurar da galahanga. Kalmar tana tafe da ma'anar gaɓanci, kuma ma'anar nan ce ke hana malami yarda cewa ɗalibar da ta fi kowa maki a lissafi tana da ita. Shi ya sa a nan za a ce otizim. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma da aiki, yana bayyana tun ƙuruciya, yana tare da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Likitoci suna duba ɓangare biyu. Na farko mu'amala da sadarwa. Na biyu maimaita motsi ko ɗabi'a, son tsari ɗaya da ba ya canzawa, nutsewa cikin abin sha'awa, da yadda jiki ke karɓar sauti, haske, ƙamshi da taɓi. Wasu suna da tawayar fahimta a tare da shi, da yawa kuma ba su da ita.

Leo Kanner ya bayyana yara 11 masu wannan hali a birnin Baltimore na Amurka a 1943, Hans Asperger ya bayyana nasa a birnin Biyana na Ostiriya a 1944, kuma likitar Ingila Lorna Wing ce ta yaɗa sunan Asperger a matsayin sunan wani nau'in lalurar a 1981. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗe sunayen duka a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Amfanin sanin wannan ga ma'aikacin jami'a shi ne, ɗalibi na iya kawo tsohuwar takardar likita mai ɗauke da sunan Asperger, kuma bai kamata a mayar da shi ya sake gwaji ba. A bayaninta na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da otizim, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuma ta ba da ɗaya cikin 31 na 'yan shekara takwas a rahotonta na 2025. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, da wuya zauren lacca mai mutum 300 ya rasa ɗaya ko biyu. An daɗe ana cewa maza huɗu ne ga mace ɗaya, amma wani bita da aka yi a 2017 ya nuna adadin ya fi kusa da uku ga ɗaya, wato ana tsallake 'yan mata wajen ganowa. Da yawansu suna shiga jami'a su kansu ba su sani ba.

Daga sakandare zuwa jami'a

A sakandare jadawali cike yake daga safe har tashi, fuskokin malamai sanannu ne, kuma akwai mai lura idan ba ka zo ba. A jami'a lacca 'yan awoyi ce a warwatse cikin mako, sauran lokacin an bar wa ɗalibi ya san yadda zai yi da shi. A makon ne kuma ya bar gida, ya shiga sabon ɗaki, ya fara kula da cinsa da wankinsa da kuɗinsa. Duk ginshiƙan da suka riƙe shi shekara da shekaru an zare su rana ɗaya.

Ita ma doka tana sauya hannu. A Amurka makarantar gwamnati ce ke da alhakin gano yaro mai buƙata ta musamman ta rubuta masa tsarin karatu nasa na kansa, amma wannan tsari yana ƙarewa da sakandare. A jami'a dokar 1973 da ta 1990, masu hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, su ne ke aiki, kuma a ƙarƙashinsu ɗalibi ne zai kai kansa ya nemi sassauci. Wata dokar ta 1974 ta mayar da ikon bayanan karatunsa hannunsa, don haka iyayen da suka saba yi masa magana ba su da ta cewa sai da izininsa. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ɗan fi sauƙi, domin ta wajabta wa jami'a ta yi tanadi tun kafin a roƙe ta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, ta 2006, ita ma ta ambaci ilimi mai zurfi a sashe na 24. Sai dai a aikace tsarin yana neman ɗalibi ya yi abin da ya fi yi masa wuya: ya shiga ofishin da bai sani ba, ya fuskanci baƙuwar fuska, ya zayyana rauninsa da baki.

Gyaran wannan ba shi da tsada. A buɗe hanyar nema ta fom a intanet ko ta imel, kada a ce dole sai kiran waya. A ba shi sunan mutum ɗaya da zai riƙa tuntuɓa, maimakon sunan ofis. A maimaita tayin fiye da sau ɗaya, lokacin neman gurbi, lokacin rajista, da kuma bayan mako huɗu, domin da yawa suna ƙin faɗa da farko don tsoron tsangwama, sai tura ta kai bango. Wanda ke jiran ganin likita a fara masa tallafin wucin gadi, tunda layin gwajin manya yana iya cin watanni ko shekaru. Sannan a rubuta da shi wa za a gaya wa, me za a gaya masa, da ko ya yarda a kira wani nasa idan abu ya yi tsanani. Bayyana lalurarsa ga 'yan aji ba tare da izininsa ba cin amana ne da ba ya gyaruwa.

Kafin a buɗe makaranta, a kawo shi lokacin da harabar ke shiru. Ya taka hanyar da jadawalinsa zai bi da ƙafarsa, daga ɗakin kwana zuwa kowane zaure, ya auna mintocin, ya ɗauki hoton kowace ƙofa, ya ga wurin da zai fake idan hayaniya ta yi yawa. A bar shi ya tare a ɗakin kwana kwana ɗaya ko biyu kafin cunkoso, ɗakin ya yi nesa da matakala da wurin taruwa, kuma shi kaɗai idan da hali. A sanar da shi ranar da ake gwada ƙararrawar gobara. Makon tarbar sababbin ɗalibai shi ne mafi hayaniya a shekara, kuma a cikinsa ake faɗin muhimman bayanai da baki a tsakiyar taro. Duk abin da aka faɗa a can ya same shi a rubuce.

Takardar tallafi, wato wadda ke jera sassaucin da aka amince a yi masa, kada ta wuce shafi biyu, kuma ta ƙunshi ayyuka. "A riƙa yi masa uzuri" ba ta gaya wa malami komai ba. "A tura masa takardun lacca awa 48 kafin lacca, kada a tashe shi amsa tambaya sai ya ɗaga hannu" abu ne da za a iya yi, a iya dubawa. Da shi za a rubuta ta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wani shiru yake so, wani shirun ne ke damunsa. Inda aka fi samun tangarɗa shi ne takardar ta kwanta a ofis, shugaban sashe ya gani, amma malamin wucin gadi da mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda su ne suka fi cuɗanya da shi, ba su taɓa ganin ta ba. A sake duba ta tsakanin mako na huɗu da na shida.

Zauren lacca

Ƙwaƙwalwar yawancin mutane tana tace sauti, ta ɗaga muryar malami ta danne sauran. Ga masu otizim da yawa matatar ba ta aiki haka. Muryar malami, ƙugin majigi, jan kujera, raɗar na baya, duk suna isowa da ƙarfi ɗaya. Tsofaffin dogayen ƙwayayen lantarki suna ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa. Yawancin idanu ba sa lura, wasu kuwa da ciwon kai suke fita. Ɗalibin da ya yi awa biyu a irin wannan ɗaki ya ƙarar da ƙarfin da ya kamata ya yi karatun yamma da shi.

A ba shi kujera tsayayya a bakin layi kusa da ƙofa. A bar shi ya sa abin toshe kunne ko tabarau mai duhu, ya fita minti biyar ya dawo ba tare da neman izini ba. Idan yana kaɗa ƙafa, yana murza wani abu a hannu, ko yana ɗan rausaya, a ƙyale shi, da wannan motsin yake daidaita kansa. Kada a auna sauraronsa da kallon ido. Da yawa sai sun kawar da ido daga fuskar mai magana suke jin abin da yake faɗa.

Sauraro, karanta allo da rubutu ayyuka uku ne a lokaci ɗaya, kuma idan aka haɗa masa su ɗaya zai zube. Takardun lacca da aka tura tun jiya da izinin naɗar murya suna sauke biyu daga ciki. In an yi masa tambaya, a jira daƙiƙa goma. Kuskuren da malamai masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne sake fasalin tambayar da zarar sun ji shiru, ba su san cewa sabuwar jimla tana mayar da shi farkon lissafi ba. In za a maimaita, a maimaita da kalmomin farko. Canjin ɗaki ko lokaci kuma ya zo a rubuce, ta hanya ɗaya sananna, da wuri gwargwadon iko.

Akwai kuma ɗalibin da ke cika aji da tambaya, ko yake gyara wa malami kuskure a gaban kowa. Haɗe rai da gyaran murya da hannunka-mai-sanda ba sa isa gare shi. A kira shi gefe a faɗa masa doka mai lamba: tambaya biyu a kowace lacca, sauran ya rubuta ya turo. Yawancinsu da jin daɗi suke karɓar wannan, domin a karo na farko an gaya musu inda iyaka take.

Aikin jinga da wa'adi

Umarnin aiki ya faɗi adadin kalmomi, rana, ƙarfe, wurin miƙawa, da yadda aka raba maki. Kalmomi irin su "tattauna" da "yi nazari" a fayyace abin da ake nufi da su a wannan kwas. A ba da misalin aiki biyu da suka bambanta da juna. Misali ɗaya yana sa ya ɗauka cewa shi kaɗai ne daidai, ya kwaikwaye shi har yawan sakin layi.

Wahala ta gaba ita ce sarrafa aiki: fara shi, jera matakansa, ƙiyasta lokacinsa, da barin wannan a koma wancan. A 2005 Dinah Murray da Mike Lesser da Wenn Lawson suka gabatar da bayanin cewa hankalin mai otizim yana zuba ne a magudana ɗaya mai zurfi, maimakon ya rarrabu. Wannan ne tushen ƙwarewarsu, shi ne kuma ke sa ɗalibi ya yi mako uku yana ƙawata aikin da ke da maki 10, na maki 60 yana jira. Maganinsa lamba ce. A ce masa wannan aikin kada ya ci fiye da awa takwas, majiya biyar sun isa.

Ƙarin wa'adi yana da tarko. Mako ɗayan da aka ƙara yana faɗawa kan wa'adin wani kwas, bashi ya hau bashi, ƙarshen zango ya tarar da ayyuka huɗu a buɗe. Abin da ya fi shi amfani shi ne yanka aikin gunduwa-gunduwa da ranakunsa: jerin kanun batutuwa ranar kaza, shafi biyu na farko ranar kaza, a kuma samu mai dubawa. Gyaran malami ma haka. "Ka ƙara zurfafawa" ba ta nuna hanya. "A sakin layi na uku kawo hujja ɗaya da ta saɓa wa ra'ayinka, ka amsa ta" tana nunawa.

Aikin rukuni da gabatarwa

An daɗe ana ɗora laifin rashin fahimtar juna kan mai otizim shi kaɗai. A 2012 Damian Milton, masani ɗan Birtaniya wanda shi kansa yana da otizim, ya ce matsalar ta ɓangare biyu ce: yadda suke kasa karanta sauran mutane, haka sauran mutane ke kasa karanta su. A 2020 Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinbura suka gwada wannan da mutum 72. An jera su takwas-takwas, ana ba na farko labari ya isar wa na biyu, har zuwa na takwas. Jerin masu otizim zalla ya riƙe labarin kamar yadda jerin marasa shi ya riƙe. Wanda aka gauraya ne labarin ya fi zubewa a cikinsa. Ke nan koya wa ɗalibi ɗaya "yadda ake zama da mutane" rabin aiki ne, sauran 'yan rukunin ma suna da nasu gyaran.

Malami ya raba rukuni da kansa, domin "kowa ya nemi abokan aikinsa" tana barin mutum ɗaya tsaye a tsakiyar ɗaki. Mutum uku ko huɗu sun isa. A rubuta aikin kowa. Kowane zama ya kasance da lokacin farawa da na tashi, da jerin abin da za a tattauna, a kuma rubuta abin da aka yanke a tura wa kowa. Wani kaso na maki ya zama na mutum shi kaɗai. Malami ya leƙa a mako na biyu, domin abu biyu ne ke yawan faruwa: ko an buɗe zauren hira a waya an manta da shi, ko an sakar masa aikin gaba ɗaya tunda ba ya iya cewa a'a. Wannan rashin iya ƙin ne kuma ke jawo masa masu cin amfaninsa da sunan abota. Dokokin ba da rance, na kusantar wanda ake so, da na gane cewa an ƙi ka, suna buƙatar a faɗe su ƙarara kafin kuskure ya kai shi gaban kwamitin ladabtarwa.

Kan gabatarwa a gaban aji, tambayar da sashe zai yi wa kansa ita ce: me ake aunawa, sanin batun ko iya tsayawa gaban jama'a? A 2024 babbar kotu a Ingila ta tabbatar da hukunci a kan wata jami'a da ta ci gaba da neman gwajin baka daga wata ɗalibar kimiyyar fiziya mai tsananin fargabar mutane, wadda ta kashe kanta a 2018. Lalurarta ba otizim ba ce, amma hukuncin ya shafi kowa: hanyar gwaji aba ce da za a iya canzawa, kuma ba a jiran takardar likita idan wahalar a bayyane take. Ana iya naɗar bidiyo, ko gabatarwa gaban malamai biyu, ko gaban mutum biyar, a ba da tambayoyin tun kafin ranar. Inda magana gaban jama'a ita ce ainihin sana'ar, kamar koyarwa, a hau matakan nan ɗaya bayan ɗaya.

Jarrabawa

Ƙarin lokaci da aka fi bayarwa a Birtaniya kashi 25 cikin 100 ne, minti 15 a kowace awa. Yana da amfani, amma ga wanda hayaniya ta cika wa kai, hutun da ake tsayar da agogo ya fi masa. Ɗaki na daban sai an duba shi: sau da yawa ana ba da wanda ke jikin baranda mai zirga-zirga, ko mai agogon bango da ke ƙwanƙwasa. Ya ga ɗakin kafin ranar, mai sa ido ya san abin da aka amince. Kada a haɗa masa jarrabawa biyu rana ɗaya. A karanta takardar tambayoyi da idon mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta: "Za ka iya bayyana dalilin kaza?" amsarta a zahiri "e" ce. Korewa biyu a jimla ɗaya, da zaɓi-ɗaya mai amsa biyu da duk suke daidai idan aka tsananta, suna cinye masa mintoci. A koya masa raba lokaci bisa maki, in kuma ya yarda mai sa ido ya yi masa alama idan lokacin wucewa tambaya ta gaba ya yi. Duk wannan a kammala shi tun farkon zango, ba a fafe gora ranar tafiya.

Fuskar aro da abin da take ci

Ɗalibin da ya fi shiga haɗari sau da yawa shi ne wanda malamai ke cewa ba shi da wata matsala. Ya haddace gaisuwa da murmushi, yana tilasta wa kansa kallon ido, yana danne motsin jikinsa, yana shirya jimlolinsa kafin ya shiga ɗaki. Wannan fuskar aro tana cin ƙarfi kowace awa, kuma mata sun fi ƙwarewa a kanta. Yana komawa ɗaki ba ya iya ko magana. Makonni na tafiya sai lacca ta fara kuɓucewa, imel ya taru ba amsa, cin abinci da wanka su rikice, sautin da yake jurewa a da ya gagare shi.

Dora Raymaker da abokan aikinta sun bayyana wannan hali a 2020: gajiya mai tsawo, yawanci wata uku ko fiye, tare da ɓacewar ƙwarewar da mutum yake da ita a da, da raguwar juriya ga sauti da haske. Yana kama da ciwon damuwa, suna kuma iya haɗuwa, amma shawarar "fita ka shiga mutane" tana ƙara dagula shi. Abin da ke taimakawa shi ne sauke kaya: a ajiye kwas ɗaya, a koma karatun rabin lokaci, ko a ɗauki hutu mai rubutacciyar ranar dawowa da matakanta. Wasiƙar gargaɗi da kwamfuta ke turawa kan rashin halarta tana rufe ƙofar da ta rage. Saƙon da ke samun amsa gajere ne, daga mutumin da ya sani, da tambaya ɗaya: "Ban gan ka ba mako biyu. Ba ka yi laifi ba. Mu haɗu Talata ƙarfe 10, ko mu yi magana ta imel? Ka zaɓi ɗaya."

Idan kaya ya fi ƙarfinsa nan take, abu biyu ke faruwa. Wani ya fashe da kuka ko ihu, ko ya riƙa dukan kansa. Wani ya ɗauke ɗif, baki ya ƙi buɗuwa, jiki ya ƙi motsi. Babu ganganci a ko ɗaya, kuma ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ya taru tun safe. A janye 'yan kallo, a rage haske da sauti, mutum ɗaya kawai ya yi magana, da gajerun kalmomi. Kada a taɓa shi, kada a tare masa hanya, kada a nemi bayani. Kiran jami'an tsaro yana ƙara wa wutar mai, sai dai idan rai na cikin haɗari. Dawowa hayyaci na iya ɗaukar awa ɗaya ko yini guda. Washegari a zauna a gano abin da ya jawo, a ƙara shi cikin takardar tallafi.

Akwai maganar da ba a so a yi amma dole ce. Wani bincike na 2014 a wani asibiti a Ingila ya tambayi manya 374 da aka gano suna da Asperger, kashi 66 cikin 100 suka ce sun taɓa tunanin kashe kansu. Da yawa cikin masu otizim ba sa iya sa wa abin da suke ji suna, fuskarsu kuma ba lallai ta nuna ba, don haka "yaya kake ji?" tana iya samun "lafiya lau". A tambayi abin da ake ƙirgawa: awa nawa ka yi barci, sau nawa ka ci abinci jiya. In akwai shakka a yi tambayar kai tsaye, "kana tunanin kashe kanka?", domin tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, ko da murya a kwance ya faɗa, a yarda da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a haɗa shi da likita a ranar.

Abin da ya fi kama waɗannan alamu da wuri shi ne mai jagora: awa ɗaya a mako, rana ɗaya, ɗaki ɗaya, mutum ɗaya. Su buɗe imel tare, su duba wa'adin mako biyu masu zuwa, su zaɓi ayyuka uku na makon, su fassara duk wata mu'amala da ta ɗaure masa kai. Mai jagora ba ya rubuta masa aiki, ba ya kuma maye gurbin likita. Idan zai yi tafiya ko zai bar aiki, a sanar da wuri a gabatar da magajinsa.

A shekarar ƙarshe tsari yana sake zarewa, domin kundin bincike ba shi da jadawali. "Ka zo duk lokacin da ka ga dama" tana nufin ba zai zo ba, tunda bai san yaushe ne ya dace ba. Mai duba kundi ya sa ranakun haɗuwa na zangon gaba ɗaya tun farko, mako biyu-biyu, kowace haɗuwa ta ƙare da rubutattun ayyuka uku ko huɗu. Kafin ranar kare kundi ya ga ɗakin, ya san su wa za su zauna, wa zai fara tambaya, minti nawa za a yi, kuma yana da damar neman a rubuta masa tambaya. Sannan mai duba kundi ya riƙa furta kalmar da malamai suka saba barin ɗalibi ya gano da kansa. Wannan ɗalibin zai ci gaba da karanta majiya ta 80 da ta 90, yana gyara babi na biyu har wa'adi ya wuce, sai an ce masa a rubuce: "Babi na biyu ya isa. Kada ka sake taɓa shi. Fara na uku ranar Litinin."